Cikin da Charlotte Ba Ta Haifa Ba

A watan Fabrairun 2024 wani ƙaramin gidan baje kolin halittun ruwa da ke Hendersonville, wani gari a tsaunukan jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya sanar da cewa wata kifanya da ke tankinsa mai suna Charlotte tana da ciki. Abin da ya ɗauki hankalin jama'a shi ne ta shafe aƙalla shekara takwas ba ta haɗu da namijin jinsinta ba, kuma tsakanin garin da bakin teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Da farko an yi zargin wasu ƙananan kifayen shak maza guda biyu da ke zaune tare da ita, masana suka ce nisan da ke tsakanin jinsunan biyu ya wuce a yi barbara har ciki ya shiga. Sai hankali ya koma ga wani abu da aka riga aka tabbatar a wasu kifayen shak da ƙadangaru, wato mace ta samu ɗa daga ƙwanta kaɗai ba tare da namiji ba. Aka ce za ta haihu cikin mako biyu. Maziyarta suka cika garin, shirye-shiryen barkwanci na talabijin suka ɗauki labarin.

Mako biyu ya wuce, wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Irin su Charlotte kuwa cikinsu wata uku zuwa huɗu yake yi. A ƙarshen watan Mayu gidan ya fitar da sanarwa cewa gwaje-gwaje sun nuna tana fama da wani ciwo a gaɓoɓinta na haihuwa, daga baya aka bayyana cewa ba ta da ciki. A ƙarshen watan Yuni ta mutu.

Charlotte tana daga cikin kifayen nan masu faɗi kamar faifai, masu doguwar jela da ke ɗauke da ƙari mai dafi. Masuntan kogin Binuwai sun san wata 'yar'uwarsu da ke zaune a ruwan daɗi, suna kiranta kunamar ruwa saboda harbinta, kuma a kusa da Garwa ta ƙasar Kamaru aka samo wadda masana suka fara bayyanawa a rubuce a 1962. Mafi yawan danginta a teku suke, don haka sunan kunamar teku ya dace da su. Jinsin Charlotte ƙarami ne, faɗinsa bai wuce na farantin cin abinci ba, mazauninsa gaɓar tekun Kalifoniya zuwa ƙasashen da ke kudu da ita.

Waɗanda suka bi labarin daga nesa abin mamaki suke jira. Waɗanda aikinsu shi ne kula da waɗannan kifaye kuwa sun san cewa kumburin ciki a jikin kunamar da ta daɗe a tanki yakan zo da tambaya mai nauyi, kuma ko da cikin gaske ne, haihuwar ita ce sashe mafi sauƙi. Duk wanda ya ɗauko kunamar teku ya ajiye ta a bayan gilashi ya ɗauki nauyin haihuwarta, ko ya yi niyyar kiwo ko bai yi ba. In ya haɗa ta da namiji 'ya'ya za su zo, dole ya san yadda zai raya su da inda zai kai su. In ya raba su, jikin macen ba ya daina shirin haihuwa don kawai an ɗauke mata miji.

Aikin uwa yana ƙarewa a ranar haihuwa

Kunamar teku ba ta da ƙashi irin na tarwaɗa ko karfasa. Jikinta guringuntsi ne, kamar na shak, kuma ba ta zuba ƙwai a ruwa namiji ya bi ya watsa maniyyi a kai, yadda yawancin kifaye ke yi. Barbara suke yi sosai. Namiji yana da wasu gaɓoɓi biyu dogaye a gindin jelarsa, da su ake gane shi tun ranar da aka haife shi. Idan lokaci ya yi yakan bi mace, ya ciji gefen jikinta ya riƙe, sannan ya shigar da ɗaya daga cikin gaɓoɓin. A wani jinsi da ke gaɓar Filorida haƙoran namiji kan sauya su yi tsini a lokacin barbara, su koma dasashe bayan ya wuce. Saboda haka tabon cizo a gefen jikin mace shi ne alamar farko da ma'aikatan tanki ke lura da ita.

Ƙwan yana zama a cikin mahaifa. Ɗan tayin kan fara rayuwa da gwaiduwarsa, idan ta ƙare sai uwa ta karɓi ciyarwar ta wata hanya da ta bambanta da ta ɗan Adam da ta akuya. Babu mabiyiya, babu cibiyar da ke haɗa jininsa da nata. Bangon mahaifar ne ke fitar da dubban zaruruwa masu kama da gashi, waɗanda ke tsattsafo da wani ruwa mai kauri, cike da kitse da sinadaran gina jiki, wanda masana ke kira nonon mahaifa. Ɗan tayin yana kwance a ciki yana sha. Wasu masana biyu 'yan Birtaniya da ke aiki a Indiya, James Wood-Mason da Alfred Alcock, sun bayyana waɗannan zaruruwa tun a 1891, har suka ga yadda a wani jinsi suke kutsawa ta kafofin da ke bayan idanun ɗan tayin zuwa maƙogwaronsa. A 2012 masu bincike a gidan kifaye na Churaumi da ke Okinawa a Japan suka wallafa abin da suka gani da na'urar hoton ciki a jikin manta, babbar 'yar'uwar kunama wadda ba ta da ƙari: ɗan tayin yana buɗe baki yana rufewa a kai a kai, yana zuƙar ruwan mahaifa don ya samu iskar numfashi.

Jaririn yakan fito a naɗe kamar tabarma, fikafikansa a lanƙwashe a jikinsa, ƙarinsa a lulluɓe da wata fata mai laushi don kada ya yanki uwar a hanya. Da ya faɗa ruwa sai ya warware ya yi iyo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: kamanninsa na uwarsa ne sak, girma kawai ya raba su, kuma ba a daɗe ba ƙarin nasa ke fara aiki. Daga nan uwa ta gama. Ba ta shayar da shi, ba ta gadinsa, ba ta nuna masa inda abinci yake. A teku wurin haihuwar ne ke ɗaukar ragowar renon. Uwaye da yawa kan haihu a ruwa marar zurfi mai ɗumi, a bakin gaɓa ko tsakanin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, inda manyan kifaye ba sa iya shiga sosai, inda kuma yashi ke cike da tsutsotsi da ƙananan jatan lande. Tanki ba shi da irin wannan lungu sai wanda mutum ya tanada.

Kwanakin farko

Haɗarin farko maƙwabta ne. Babban tankin baje koli yakan haɗa shak da manyan kifaye masu farauta, jariri mai faɗin tafin hannu biyu kuwa abinci ne a wurinsu. Mazan jinsinsa ma matsala ne, domin a wasu jinsunan namiji kan bi mace da barbara jim kaɗan bayan ta haihu, jarirai su tsinci kansu a tsakiyar tsere. A watan Yunin 2007 aka haifi manta ta farko a hannun mutane a Churaumi, bayan ciki na kwana 374. Faɗinta ya kusa mita biyu. Hotunan haihuwar sun zaga duniya, bayan kwana biyar ta mutu, kuma ma'aikatan gidan sun danganta mutuwar da raunukan da ta samu sakamakon korar da ubanta ya riƙa yi mata a cikin tankin. Uwar ta sake haihuwa a shekarun da suka biyo baya, amma wannan ta farkon ta zama abin tunawa ga duk mai kiwo cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Don haka masu kiwo kan zaɓi ɗaya cikin hanyoyi biyu, kowace da haɗarinta. Ko dai a ɗauke mai cikin zuwa wani tanki na daban kafin ta haihu, ko a bar ta a inda take, masu nutso su zauna cikin shiri su kwashe jariran da zarar sun fito. Hanya ta farko tana kare jarirai daga maƙwabta, sai dai kunama mai ciki ba ta jure kamu. Masunta sun daɗe suna ganin yadda take zubar da 'ya'ya a cikin jirgi idan ta faɗa taru, kuma wani nazari da aka wallafa a 2018 ya tattara irin wannan ɓari a jinsuna da dama na shak da kunamu. Hanya ta biyu tana buƙatar ido dare da rana, ga shi haihuwa ba ta jiran lokacin aiki. Na'urar hoton ciki ta rage wannan caca, domin ana iya horar da kifanya ta saba shiga shimfiɗar da ake riƙe ta a ruwa, likita ya duba girman 'ya'yan da bugun zuciyarsu ba tare da an fitar da ita ba.

Ko kwashe jariran yana da ƙa'ida. Ƙarin yana da haƙora kamar zarto da suka karkata baya, in ya shiga ragar kamun kifi ba ya fita cikin sauƙi, don haka an fi amfani da roba ko baho. Tankin reno kan zama marar zurfi mai faɗi, tunda ƙasa kunama take buƙata, ba tsawon ruwa ba. Ana shimfiɗa yashi mai laushi ko a bar ƙasan a sumul, domin tsakuwa mai kaushi tana goge fatar cikinsa har ƙwayoyin cuta su samu kafa. Ana rufe bakin bututun da ke zuƙar ruwa, ana killace na'urar ɗumama ruwa don kada ya kwanta a kanta ya ƙone.

Sannan a zo ga babbar jarrabawa, wato ci. Jariri kan fito da guzuri a jikinsa, musamman kitsen da ke hantarsa, wanda zai riƙe shi na wasu kwanaki, shi ya sa ƙin cin abinci a ranakun farko ba ya tayar da hankali. Amma guzurin yana ƙarewa, kuma dole ya fara ci kafin ya ƙare. Idanun kunama a saman kanta suke, bakinta a ƙasa, ba ta ganin abin da take ci. Da ƙanshi take nemo shi, da kuma wasu ƙananan kafofi a fatarta da ke jin raunanniyar wutar lantarkin da jikin duk mai rai ke fitarwa. Mataccen nama ba ya fitar da wannan alama. Wannan ne dalilin da ya sa akan fara da abu mai rai, ƙananan jatan lande ko tsutsotsi, sannan a hankali a koya masa yankakken kifi da jatan lande da aka narkar daga ƙanƙara, ana tura masa su ƙarƙashin jikinsa da ɗan hantsaki. Wanda ya ƙi ci har ya fara ramewa, akan zura masa siririn bututu ta baki a ba shi niƙaƙƙen abinci. Aiki ne da ke wahalar da jaririn, ba a yinsa sai dole.

Rama ba ta saurin bayyana a jikin da yake shimfiɗaɗɗe tun asali. Kafin a ga ƙasusuwan ƙugu sun turo fata a gindin jela, ko wani lotsawa ya bayyana tsakanin idanu, abin ya yi nisa. Saboda haka ma'auni shi ne babban abokin mai reno: a auna nauyi da faɗi a kai a kai, a rubuta abin da kowane jariri ya ci. A cikin 'ya'yan ciki ɗaya akwai mai haɗama da ke danne abinci da jikinsa, akwai mai sanyi da ke komawa gefe, kuma ba a gane na biyun sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sauran haɗuran ba a ganinsu da ido. Kunama mai ci tana fitar da ƙazanta da yawa, kuma sinadarin amoniya da ke taruwa daga gare ta guba ne, don haka matatar ruwa da yawan sauya ruwa ba abin wasa ba ne. Magungunan kashe ƙwarin jikin kifi masu ɗauke da jan ƙarfe, waɗanda ake amfani da su ga kifaye masu ƙashi, suna iya hallaka ta. Wasu kifayen da ake ajiyewa a ƙanƙara suna ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, dole a ƙara shi a abinci. Iskar ozon da ake tsabtace ruwan tanki da ita kan sauya aidin ɗin da ke cikin ruwan zuwa siffar da jiki ba ya iya amfani da ita sosai, sai kifi ya yi maƙoƙo, irin kumburin wuyan da ke kama mutanen da gishirinsu ba shi da aidin.

A haɗa su ko a raba su

Inda aka iya wannan aiki sai wata matsala ta taso daga nasarar kanta. A babban gidan kifaye na Baltimore, Alan Henningsen ya bi haihuwar wani babban jinsi na tekun Karebiyan da kudu maso gabashin Amurka, wanda macensa kan kai faɗin mita ɗaya da rabi, ya wallafa sakamakon a shekarar 2000. Cikinsu ya ɗauki tsakanin kwana 135 da 226, kowace haihuwa ta zo da 'ya'ya biyu zuwa goma, faɗin jariri tsakanin santimita 20 da 34. A teku sau ɗaya a shekara suke haihuwa, a tanki kuwa, inda ɗumi ba ya yankewa kuma abinci ba ya ƙarewa, mace kan haihu sau biyu. Mata kaɗan sun isa su cika gida da 'ya'ya cikin 'yan shekaru, kowane ɗa kuma zai girma ya nemi fili. Mayar da su teku ba abu ne da ake yi kai tsaye ba, saboda tsoron kai cutar tanki cikin na daji da cakuɗa zuriyar wurare daban-daban.

Mafita mafi sauƙi ita ce raba maza da mata, kuma gidaje da yawa sun bi ta. Daga baya likitocin dabbobi suka fara ganin abu iri ɗaya a manyan matan da suka daɗe a tanki: baya ya kumbura kamar mai ciki, ma'ajiyar ƙwai ta cika da ƙulle-ƙulle masu ruwa da ƙwayayen da ba su fita ba, mahaifa ta tara nonon nan da yawa alhali babu ɗan da zai sha. A 2019 wata tawaga ƙarƙashin likita Natalie Mylniczenko ta wallafa nazarin da ya kwatanta matan tanki da na wani killataccen gulbin teku da na daji, ta samu ciwon ya fi yawa ƙwarai a matan tanki. Daɗewa ba tare da ɗaukar ciki ba yana cikin abubuwan da aka fi zargi. Jinsin Charlotte daban ne da wanda aka yi nazarin a kansa, amma duk likitan da ya san wannan aiki, idan ya ji labarin mace babba da ta shekara takwas babu namiji kuma jikinta ya kumbura, ciwo zai sa a jerin abubuwan da zai fara bincika, kafin ya kai ga abin mamaki.

Gidajen da suka fi dacewa su ne waɗanda suka daina ɗaukar haihuwa a matsayin sa'a ko tsautsayi, suka mayar da ita shiri. Gidan namun daji na Burgers da ke Arnhem a ƙasar Holan yana kiwon wani jinsi mai ɗigo-ɗigon fari, mai iyo a tsakiyar ruwa kamar tsuntsu, kuma tun daga 2009 an haifi gommansu a can, an rarraba da yawa zuwa wasu gidajen kifaye na Turai. Gidajen Turai da na Amurka suna riƙe da littattafan zuriya na wasu jinsuna, inda ake rubuta uwa da uban kowane ɗa, ana tabbatar da uba da gwajin ƙwayoyin halitta idan maza sun yi yawa a tanki, ana sa wa kowa ƙaramar alamar lantarki a ƙarƙashin fata. Da wannan ake sanin wa za a haɗa da wa, a wace shekara, kuma wane gida ne zai karɓi 'ya'yan tun kafin ciki ya shiga.

Abin da ke bayan gilashin

Wahalar ta cancanci a sha ta saboda halin da waɗannan kifaye ke ciki a teku. Binciken da aka yi wa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, a 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na jinsunan shak da kunamu da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma yawan kamu ne babban dalili. Kunamar ruwan Binuwai ma tana cikin jerin waɗanda suka fi shiga haɗari. Tsarin haihuwar da ke ba jariri ƙarfi tun ranar farko shi ne kuma raunin jinsin. Tarwaɗa ɗaya tana zuba dubban ƙwayaye, alhali wata kunamar gaɓar Amurka mai hanci kamar na saniya tana ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak. Abin da taru ya kwashe a dare ɗaya, shekaru ake yi ba a mayar ba.

Kiwo a tanki ba zai cike teku ba, kuma masu yinsa da gaskiya ba sa da'awar haka. Amfaninsa ya fi wannan ƙanƙanta amma tabbatacce ne. Duk jaririn da aka raya ya rage ɗaya da za a je a kamo don baje koli. Tsawon ciki, yawan 'ya'ya, shekarun balaga da saurin girma, waɗanda hukumomin kamun kifi ke buƙata don sanin nawa jinsi zai iya jurewa, abubuwa ne masu wuyar aunawa a teku, a tanki kuwa ana rubuta su da kwanan wata. Dabarun hoton ciki da ɗaukar jini da ake amfani da su yanzu a kan na daji, da yawansu a bayan gilashi aka goge su.

Labarin Charlotte ya samu miliyoyin masu bibiya domin ya yi alkawarin abin da ba a saba gani ba. A daidai waɗancan watanni, a ɗakunan baya na gidajen kifaye da baƙi ba sa shiga, ma'aikata suna ɗora jarirai a kan ma'auni cikin bahon ruwa, suna duba takardar makon jiya su ga ko an ƙaru da 'yan giram. Ranar da jariri ya fara danne yankakken jatan lande da kansa ya haɗiye, ita ce ranar da masu reno ke fara lissafa shi cikin waɗanda za su rayu, sannan su fara tuntuɓar gidan da zai karɓe shi idan ya girma.